Farin Dutsen da Aka Dawo wa Kawu da Shi

A harabar wata tsohuwar masana'anta da ke tsakanin Dakata da Bompai, akwai wani falalen farin mabul jingine da bango. Tsawonsa ya haura mita biyu, an riga an huda masa ramin sinki, an goge bakinsa ya yi sumul. Wanda bai sani ba zai ɗauka aiki ne da ke jiran mai shi. Ya fi shekara guda a wurin, kuma babu mai zuwa ɗaukarsa. Dawo da shi aka yi, ni ne kuma sanadi, ko da yake ban taɓa riƙe injin yankan dutse ba. Abin da na yi kawai shi ne gina shafin intanet.

Wurin aikin na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Ya fara sana'a yana saurayi a aikin tarazo, zamanin da masana'antun Bompai da Sharada da Challawa ke cike da ma'aikata, kowane sabon ofis yana neman a zuba masa daɓe a goge. Da tayil ya shigo ya kashe kasuwar tarazo, masana'antu da dama kuma suka rufe saboda matsalar wuta da tsadar kayan aiki, sai ya kama hayar wani lungu a ɗaya daga cikinsu, ya koma yanka falalen giranit da mabul. Yana yin matakalar bene da dandamalin taga, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne kantar kicin, wato dutsen da ake shimfiɗawa a saman kabad inda ake yanke-yanke da ajiye tukunya. Mutum shida ke cin abinci a ƙarƙashinsa.

Shekara da shekaru magina da kafintoci ne ke kawo masa aiki, su karɓi la'adarsu. Sai aka saki Naira a watan Yunin 2023. Dalar da ake saye a hukumance kusan Naira 460 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mafi yawan falalen da Kawu ke yankawa daga Indiya da Sin da Turkiyya suke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Legas, don haka farashinsu ya bi dala. Gine-gine suka tsaya cak, injin ya riƙa yin kwanaki ba a tayar da shi ba. Ni da nake aikin kwamfuta na ce masa, “Kawu, bari in sa ka a intanet.” Ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Kayan aro

Shafin da na fara ginawa ya burge ni ƙwarai. Da an buɗe shi bidiyo ke fara motsi, ga manyan hotunan kicin fari fat, fitilu na reto a sama, ga kwanon 'ya'yan itace a kan kanta. Komai da Turanci na rubuta, na kuma sa fom a ƙasa inda mai sha'awa zai cika sunansa da adireshin imel. Babu hoto ko ɗaya na aikin Kawu. Duk daga rumbunan hotunan kyauta na kwaso su, domin a ganina nasa hotunan ba su da kyau: ga ƙura, ga bokitin siminti a gefe.

Da na nuna masa a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai ɗan nan, wannan kicin ɗin gidan wa ne?” Na ce, “Na ado ne, Kawu, kowa haka yake yi.” Ya miƙo mini wayar ya ce, “To, Allah Ya sa alheri.”

Makonni suka wuce, fom ɗin bai kawo saƙo ko ɗaya ba. Ana saura 'yan kwanaki a fara azumin 2024 sai ga wani Alhaji da hoto a wayarsa, ya ce uwargidansa ta gani a shafinmu, irinsa take so. Kawu ya ce masa, “Alhaji, farin mabul yana da kyau, amma ba ya shiri da tsami. Da za ku ɗauki giranit da ya fi muku.” Alhaji ya ce ita dai wannan ta ce. Kawu yana bukatar aikin. Ya karɓi kafin alƙalami, ya je ya yi awo, ya yanka, ya ɗora. Ni kuwa na yi ta yi wa abokaina alfahari.

Kowa ya san abin da kicin ɗin Kano ke gani a watan Ramadan. Ana jiƙa tsamiya domin kunu, ana matse lemun tsami, ana dafa zoɓo, ga manja da jajjagen tumatir. Kafin a kai goman ƙarshe, farin dutsen ya cika da zobba marasa sheƙi duk inda aka ajiye kwanon tsamiya, ga jan tabo kusa da murhu. Hajiyar da kanta ta aiko da saƙon murya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ni babu wanda ya gaya mini. Hoto na gani, kuma babu abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa sai yabo.”

Kawu ya saurara sau biyu, ya ce, “Ba ta yi ƙarya ba. Mijinta na gaya wa, ba ita ba.” Bayan Sallah ya je ya cire mabul ɗin, ya sa mata baƙin giranit da kuɗinsa. Asarar ta cinye ribar wata biyu. Bai ce mini komai ba, shirun nan kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Daga baya da na sake duba hoton da na ara, na gane ma ba mabul ba ne, dutsen haɗi ne na masana'anta da aka yi wa zanen mabul. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wa ke karanta shafin?

Kuskurena na farko shi ne ban tambayi kaina wa nake yi wa magana ba. A wannan sana'a mutum uku ne ke cikin kowane ciniki. Maigida ne ke biya, magini ko kafinta ne ke haɗa kabad ɗin da dutsen zai hau, amma wadda za ta yi shekara ashirin tana aiki a kansa ita ce uwargida. Ita ce kuma, a yawancin gidajenmu, ba za ta taho Dakata ta shiga cikin ƙura da ƙarar inji ta shafa dutse da hannunta ba. Wanda ya zo shago yana da Kawu a gabansa, zai tambaya a ba shi amsa. Ita kuwa shafin ne kaɗai Kawunta. Idan shafin bai faɗi abin da Kawu zai faɗa ba, cinikin biri a sama aka sa ta yi.

Don haka kafin in sake taɓa kwamfuta, na zauna da mahaifiyata da matar Kawu da wasu 'yan'uwana mata, na ce su yi mini duk tambayar da za su yi in da su ne masu saye. Babu wadda ta tambayi sunan ƙasar da dutsen ya fito. Cewa suka yi: za a iya sauke tukunya mai zafi a kai? Manja yana kama shi? Tsamiya fa? In an ɗora ƙaramin turmi an daka yaji zai tsage? Da me ake wanke shi? Tsayinsa nawa, kada mutum ya yi ta sunkuyo har bayansa ya ƙage? Waɗannan tambayoyin su ne suka zama kanun sabon shafin, a jere yadda suka fito daga bakinsu, amsoshin kuma daga bakin Kawu na ɗauko su.

Amsoshin suna da tushe a ilimin duwatsu, kuma ana iya faɗarsu a sauƙaƙe. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, sinadarinsu ɗaya, shi ya sa duk abu mai tsami ke cin fuskarsa ya kashe masa sheƙi. A ma'aunin Mohs, wanda ke jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon taurinsu, mabul yana wajen 3, ƙasa da ƙarfen wuƙa, don haka wuƙa tana karce shi. Giranit yana tsakanin 6 da 7, tsamin kicin ba ya yi masa komai, yana kuma jure zafi, sai dai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, mai launin haske zai iya shan mai idan ba a shafa masa maganin toshewa lokaci-lokaci ba. Dutsen haɗi, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa niƙaƙƙen ma'adini ne aka haɗe da danƙon roba, ba ya shan mai ko kaɗan, amma tukunyar da aka sauke daga wuta tana iya ƙona danƙon ta bar tabo har abada. Kowane dutse yana da aibinsa. A sabon shafin, aibin kowanne yana rubuce a ƙarƙashin hotonsa, da harafi daidai girman na yabonsa.

Hoto na gaskiya

Na goge duk hotunan aro. Doka ta farko da muka kafa ita ce babu hoton da zai hau shafin sai na dutsen da ke cikin shagon ko aikin da hannun Kawu ya yi. Muna fito da falale waje da hantsi mu ɗauke shi a hasken rana, domin fitila tana canza launi. Kowanne hoto biyu: ɗaya daga nesa da mutum a tsaye a gefensa don a ga girma, ɗaya daga kusa don a ga ƙwayar dutsen. Muna rubuta lamba da alli a kusurwa, saboda dutse halitta ne, falale biyu masu suna ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Mai saye ta ce lamba kaza take so, lambar nan za a yanka mata.

Na koyi kuma cewa abin da ke nuna gwanintar mai aiki ba ya fitowa a hoton kicin gaba ɗaya. Yana wurin da falale biyu suka haɗu, da bakin ramin sinki, da gefen da aka goge. Waɗannan muke nunawa kusa-kusa, domin magini da ya san aiki nan idonsa ke fara zuwa.

Hotunan gidajen mutane kuwa sai da izini. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma tun kafin doka, kicin cikin gida ne, cikin gida kuma yana da hurumi. Muna neman yardar maigida da ta uwargida, mu ɗauki hoton ranar da aka gama aiki kafin a jera kaya, ba ma kuma rubuta komai sai sunan unguwa. Wasu sun ƙi, mun bar su.

Rigimar farashi

A nan muka fi jayayya. Kawu ya ce ɗan kasuwar Kano ba ya rubuta farashinsa a bango. Abokan hamayya za su gani su rage, ga Naira ba ta kwana inda ta yini, kuma ciniki ai sai an yi tayi an yi albarka. Ni kuma na ce mace da ke lissafin abin da za ta gaya wa mijinta, in ba ta ga ko alamar farashi ba, za ta ɗauka abin ya fi ƙarfinsu ta rufe shafin, ba za mu taɓa sanin ta zo ba.

Muka tsaya a tsakiya. Kowane dutse muna rubuta daga nawa zuwa nawa kowace mita take kamawa, da kwanan watan da aka sabunta farashin, ƙarƙashinsa kuma jerin abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba: awo, yanka, huda ramin sinki da na murhu, gugar gefe, dako, ɗorawa. Yawancin rigimar da Kawu ya sha yi da masu saye a kan waɗannan ne, musamman dako da hawa bene. Sai na rubuta dalilin a fili. Murabba'in mita ɗaya na giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80, mai santimita 2 kuma kusan kilo 54, wato ya fi buhun siminti. Wanda ya san haka ba ya mamakin a ce sai mutum huɗu za su hau da kanta bene, ya kuma fahimci dalilin da Kawu ke ƙin ɗora dutse a kan kabad mara ƙwari. Mun bayyana kafin alƙalami nawa ne cikin ɗari, da kwana nawa aiki ke ɗauka, da cewa ba ma yanka dutse da awon da aka aiko ta waya, sai mun zo mun auna da kanmu bayan an kafa kabad.

Waya, data da harshe

Shafina na farko a kwamfutar ofis na gwada shi. Da na buɗe shi a wayar matar Kawu, sai da ta gama yanka albasa bidiyon bai fito ba. Tun 2016 kamfanin Google ya ba da rahoton cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A nan kuma akwai ƙarin dalili, domin kowane hoto kuɗi ne daga aljihun mai kallo, balle bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Na cire bidiyon, na matse kowane hoto ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ban kuma ƙara amincewa da wani gyara ba sai na gwada shi a waya mai araha.

Fom ɗin ma na cire. Mutanenmu ba sa ciniki ta imel. Maɓalli ɗaya ne yanzu a ƙarƙashin kowane dutse, in an taɓa shi ya buɗe WhatsApp da lambar falalen a rubuce, mai saye ta yi magana da murya in ta ga dama. Matar Kawu ce ke amsa saƙonnin mata, wannan kuwa shawararta ce, kuma ta fi duk dabarun da na kawo amfani.

Hausa ce a gaba, Turanci a gefe, saboda 'yan kwangila da kuma masu nema a Google, waɗanda yawanci da Turanci suke rubuta sunan dutsen sannan su ƙara Kano. Hausar ma sai da aka gyara mini. Na rubuta “marmara” ina nufin mabul, Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce a wurin magini marmara ita ce jar ƙasa mai tauri da ake haƙowa a cike hanya. Kalmar da ake faɗa a shago ita ce ta cancanci shafi. Na kuma canza salon harafin da na fara zaɓa, domin ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa a cikinsa kamar akwatuna.

Adireshi a Dakata ba lambar gida ba ce, kwatance ne. Na sa shagon a taswirar Google, na ɗora hoton ƙofar shiga, na rubuta kwatance yadda za a gaya wa mai adaidaita-sahu daga titin Haɗeja.

Me ya sa ba Instagram kawai ba?

An sha yi mini wannan tambayar, kuma muna da Instagram ɗin. Amma shi rumfar haya ce a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Ban da haka, bayanin tsamiya da manja in ka sa shi a can, bayan mako guda ya nutse ƙarƙashin sababbin hotuna. A shafinka yana nan inda ka ajiye shi. Mun yi rajistar adireshi mai ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, da sunan Kawu da lambar wayarsa, ba nawa ba. Na ga shagunan da suka rasa shafinsu saboda yaron da ya gina musu ya yi tafiya da mabuɗin.

Abin da aka rubuta

Akwai abin da ban zata ba. Ina cikin karatu a kan dutsen haɗi na ga cewa Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024, saboda cutar huhu da ƙurarsa ke jawo wa masu yankawa, cutar da ba ta warkewa. Giranit ma yana da wannan ƙura, ko da yake bai kai shi ba. Na tuna tarin Kawu. Na ce mu rubuta a shafin cewa da ruwa muke yanka, yaranmu kuma suna sa takunkumi. Ya ce babban injin da ruwa yake aiki, amma gyaran gefe da ƙaramin inji a bushe ake yi. Na ce to ba za mu rubuta ba. Ya yi shiru, bayan kwana biyu ya ja tiyo zuwa teburin gyara, ya sayo takunkumi masu matata, ya ce, “Yanzu rubuta.” Haka ya faru da alkawarin kwanakin aiki. Da ya ga za a rubuta, sai ya ƙara kwana uku a kan abin da ya saba faɗa da baki, domin ya san halin wutar lantarki.

Shafin bai mayar da Kawu attajiri ba. Har yanzu magina ne ke kawo fiye da rabin aikinsa, wasunsu ma shafin suke tura wa iyayen gidansu don su huta da bayani. Abin da ya canza shi ne irin saƙon da ke shigowa. Mai rubutowa ta riga ta san bambancin mabul da giranit, ta san ƙarfin aljihunta, tambayarta ita ce yaushe za a zo awo. Mutum shidan nan suna nan, kuma tun daga lokacin ba a sake dawo da aiki ba.

Na taɓa ce wa Kawu ya yanka farin falalen nan ya yi dandamalin taga da shi, ko ya rage asara. Ya ƙi. Duk wanda ya zo yana neman farin mabul domin kicin, sai ya kai shi gabansa, ya yanka lemun tsami ya matse a kai, su tsaya suna hira, bayan ɗan lokaci ya goge ya nuna masa wurin. Wasu duk da haka mabul ɗin suke ɗauka, don teburin falo ko banɗaki, ko don sun ce za su iya kiyayewa, shi kuma ya yanka musu. Hoton falalen da tabonsa yana shafin, a sashen mabul, shi ne na farko. Na nemi izinin Hajiyar kafin in sa. Ta ce in sa, in kuma ƙara da cewa zoɓo ma yana yi.